Tambaya da Amsa: Wai gem ɗin kyauta ne, to ina kuɗin jarabawar ya tafi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya. Ni dai ƙanena ne ya ishe ni, shekararsa 16, kuɗin da Baba ya tura masa na rajistar jarabawa ya kwashi rabi ya sayi wai dayamon a wani gem na harbe-harbe a waya, da na ritsa shi sai ce min ya yi ai gem ɗin kyauta ne, kaya kawai ya saya wa ɗan mutumin nasa na cikin gem ɗin. Kaya fa Kawu, riga da bindigar da ko taɓa su ba zai iya ba. Don Allah laifin wa ne, shi ko masu gem ɗin? Daga 'yarka a Tudun Wadan Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Yaron ya yi laifi kam, ba zan wanke shi ba, amma ki sani ba shi kaɗai ba ne a filin, can ɓangaren akwai kamfani guda da ma'aikatan da ake biya albashi don kawai su gano yadda ɗan shekara 16 zai danna "saya" bai yi tunani ba.

Da can a gidajen gem na Sabon Gari da Samaru ciniki a fili yake, ka biya kuɗin wasa ɗaya, ka ɗauki Chelsea abokinka ya ɗauki Barcelona, in an lallasa ka ka miƙa wa na bayanka ka tashi, ko a ɗauke wuta kowa ya kama gabansa. Yanzu sun gane kyauta ta fi kawo kuɗi. PES, gem ɗin ƙwallon nan da aka sani, a 2021 Konami mai gem ɗin ta mai da shi eFootball ta ce kowa ya sauke ba ko sisi, kuma ba tausayinmu ne ya kama su ba. Dabarar ita ce ba za su nuna maka farashin kayan cikin gem da naira ba, sai ka fara canza kuɗinka zuwa dayamon ko koyin, kuma kullum abin da ka saya sai ya ɗan gaza ko ya bar 'yan canjin da ba sa sayen komai, dole ka ƙaro. Ga agogo a gefe yana ƙirga saura awa kaza rigar ta ɓace, ga akwatin sa'a da za ka biya ba ka san me ke ciki ba. Wannan na ƙarshen ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce caca ce. A Amurka kuwa, Disambar 2022 Epic Games masu Fortnite sun yarda za su biya dala miliyan 520, a ciki miliyan 245 na mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba ne. Sun biya, gem ɗin yana nan, kasuwa na ci.

Kuma kada manya su yi wa yaro dariya da yawa, a 2024 wa da wa ke danna Hamster Kombat, gem ɗin nan da aka yi alkawarin zai raba kuɗin kirifto, dare da rana? Har masu furfura a majalisar shayi, da aka zo rabo a watan Satumba da yawa abin da ya faɗo musu bai biya datar da suka ƙona ba. Mu da ake ba taliya da sabulu da turmin atamfa ranar zaɓe mu biya da shekara 4, ai bai kamata irin wannan kyautar ta zame mana baƙuwa ba.

Ki karɓi wayar ki cire katin banki daga Play Store, ki sa sai da lambar sirri kafin a sayi komai, kuma ki gaya wa Baba yau, kar ki rufa masa. Kuɗin kuma ya biya da guminsa, ko zaman shago ne ya yi a hutu.

TAMBAYA: Kawu, gwamnati ba za ta iya taka wa irin waɗannan kamfanonin birki ba ne? Daga wani ɗalibi a Kongo, Zariya.

AMSA: Tana iyawa mana ɗana, in abin ya taɓa ta. A Yunin 2021 Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, kwana 2 kacal aka sanar da dakatar da ita a ƙasar nan, sai da aka yi wata 7 aka buɗe a Janairun 2022. Ka ga akwai ƙarfi kuma akwai hanzari. Amma da kamfanonin waya suka kawo kukan ba sa samun riba, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince musu su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, kai kuma da netwok ke yanke maka a tsakiyar wasa aka ce ka kira lambar ƙorafi. Ka kira ɗin, akwai kiɗa mai daɗi da suke sa wa mutum kafin layin ya katse.