Kyamarar farko mai zum: wacce za ta mayar da kuɗinta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da jakunkuna da takalma ta intanet, kuma da wayata nake ɗaukar hoton kayan. Na ɗan tara kuɗi, ina so in sayi kyamarata ta farko, mai zuƙo abu daga nesa sosai, don in gyara hotunan hajata, in kuma riƙa ɗaukar 'yan ƙwallo da taruka ina samun na kashewa a gefe. Na ga wata mai araha, an rubuta megafiksel 48 da zum 16x a kwalinta. Kuɗina ba su da yawa. In saya ne, ko in ƙara haƙuri?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ƙara haƙuri. Ina ganin wannan da ka gani ba za ta yi maka ko ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu ba, kuma kana iya tabbatar da haka da kanka kafin ka zaro ko sisi.

Ka ce a ciro ta daga kwali, ka kunna, ka danna wurin zuƙowa, ka zuba wa gilashin gabanta ido. In hoto yana girma a allo amma gilashin yana nan daram bai motsa ba, to ka fara zargi. Sai ka karanta ƙananan lambobin da aka zagaye bakin gilashin da su. Kyamara mai zum na gaskiya lamba biyu take da su, ƙarama da babba. A bakin Panasonic Lumix FZ80, alal misali, za ka ga 3.58-215. Raba 215 da 3.58, za ka sami 60, wato zum 60x da ake tallata ta da shi. In lamba ɗaya tak ka gani, gilashin ba ya zuƙo komai. Abin da kyamarar ke yi shi ne ta yanko tsakiyar hoton ta buɗa shi, kamar yadda kake buɗa hoto da yatsu biyu a wayarka. Wannan shi ne zum na dijital, kuma lissafinsa ba daɗi: in an zuƙo sau 16 ta wannan hanya, kashi ɗaya cikin 256 na hoton ne ya rage. Ko da megafiksel 48 ɗin nan, wato ƙananan ɗigo miliyan 48 da ke haɗa hoton, gaskiya ne, abin da zai saura bai kai kwatan megafiksel ɗaya ba. Fuskar ɗan wasa za ta fito dishi-dishi, kuma babu mai biyan kuɗin irin wannan hoto.

Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan suka cika kasuwa. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara da ke Japan, sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye kasuwar ƙananan kyamarori, manyan kamfanoni suka janye daga masu araha, sai kayan da ba su da sanannen suna suka cike gurbin da manyan lambobi a kwali. Araha ba ta ado.

Yanzu bari mu raba ayyukanka biyu, domin ka haɗa su a kwando ɗaya alhali ba abu ɗaya suke bukata ba.

Hoton jaka da takalmi bai bukatar zum mai nisa. Kayan a gabanka suke, taku biyu ne tsakaninku. Abin da ke sa hoton haja ya yi kyau shi ne haske mai laushi, bango mai launi ɗaya, da waya da ba ta rawa a hannu. Ka ajiye kayan kusa da taga inda rana ba ta dukan su kai tsaye, ka jingina farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwa, ka kafe wayar a kan mariƙi. In ka yi haka, wayar da ke aljihunka za ta ba ka abin da mai saye ke son gani: ainihin launin fata, ɗinki, zik, da ƙasan takalmi. Kyamara ba za ta ƙara maka ciniki a nan gwargwadon kuɗinta ba. Don haka kada ka ɗora kuɗin kyamarar a kan sana'ar jaka. Ɗaukar hoton wasa da taro sabuwar sana'a ce, ita za ta ɗauki nauyin kayan aikinta.

To wane irin zum wannan sabuwar sana'a ke so? A nan mutane da yawa ke ruɗewa da lambar da ke gaban x. Lambar nan ba ta faɗin nisan da kyamara ke kaiwa, tazarar da ke tsakanin farkon gilashin da ƙarshensa kawai take faɗa. Gilashi mai milimita 24 zuwa 240 zum 10x ne. Mai 70 zuwa 300 kuwa ya ɗan haura 4x ne kawai, amma ya fi wancan kai wa nesa. Lambar ƙarshe ita ce abin dubawa. A takardun talla ana mayar da lambobin kan ma'aunin tsohon fim mai milimita 35 don a iya kwatanta kyamarori, shi ya sa FZ80 ɗin nan ake rubuta ta 20 zuwa 1200. A kan wannan ma'auni, wanda ke tsaye a bakin layin filin ƙwallo 300 zuwa 450 sun ishe shi yawancin hotuna, 600 kuwa ya wadata. Abin da ya wuce haka na masu bin tsuntsaye ne da masu ɗaukar wata. Nikon Coolpix P1000 da ta fito a 2018 tana da zum 125x, tana kai wa 3000, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi. Abin sha'awa ce, amma ba kayan aikinka ba ce.

Kuma zum mai yawa ba kyauta ake samun sa ba, da haske ake biya. Don a cusa irin wannan nisa a kyamarar da hannu zai ɗauka, dole a ƙanƙanta sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar haske a bayan gilashi. Yawancin masu zum 40x zuwa sama sensarsu kimanin milimita 6 ce a tsawo, 4.5 a faɗi. Wadda ake kira ta inci ɗaya 13.2 ce da 8.8, ta ninka waccan sau huɗu a fili. Ta da yawa daga cikin kyamarori masu canjin gilashi, wadda ake kira APS-C, kimanin 23.5 ce da 15.6, ta ninka ƙaramar kusan sau 13. Ka ɗauka ruwan sama ake tara: mai baho da mai kofi ba za su tashi da abu ɗaya ba, musamman in yayyafi ake. Da rana tsaka ƙaramar sensa tana yin abin kirki. Da zarar rana ta yi sanyi, ko an shiga ɗakin taro mai fitilu marasa ƙarfi, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige, launin fuska ya dagule.

Ƙari a kan haka, ƙofar da haske ke shiga tana tsukewa yayin da kake zuƙowa. A FZ80 tana farawa daga f/2.8 ta ƙare a f/5.9, ma'ana a ƙarshen zum hasken da ke shiga bai kai kwatan na farko ba. A daidai wurin ne kuma rawar hannu ta fi bayyana. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, in kana kan milimita 1200 ba tare da mariƙi ko abin hana rawa ba, dole kyamara ta ƙifta cikin ɗaya bisa 1200 na daƙiƙa kafin hoto ya tsaya cak. Shi ya sa ba zan yarda ka sayi mai zum da ba ta da abin hana rawa a gilashinta ba. Nikon na rubuta VR, Canon na rubuta IS, Panasonic na rubuta O.I.S. Sai dai ka sani, rawar hannunka yake gyarawa, ba gudun ɗan wasa ba. Mai gudu sai ƙiftawa mai sauri, ita kuma sai da haske.

Maganar megafiksel ba ta da tsawo. Hoton da zai cika takarda A4 da kyau bai kai megafiksel 9 ba. Duk kyamarar kirki mai 12 zuwa 24 ta wuce bukatarka.

Ga yadda zan zaɓa da ni ne kai. In duk aikin da rana ne, kuma kana son abu guda da ba a kwance shi ba a ɗaura, ka nemi Panasonic Lumix FZ300, wadda ta fito a 2015, a wasu ƙasashe ana kiran ta FZ330. Zum ɗinta 24x ne, daga 25 zuwa 600, amma ƙofar haskenta tana nan a f/2.8 daga farko har ƙarshe, kuma an toshe jikinta daga ƙura da yayyafi. Na fifita ta a kan masu 60x da 65x irin su FZ80 da Canon PowerShot SX70 HS, domin nisan da za ta rage maka ba ka bukatarsa, hasken da za ta ba ka kuwa kullum kana bukata. In ka ci karo da FZ1000 ta hannu mai lafiya, tana da sensa ta inci ɗaya kuma tana kai wa 400, ita ma abin dubawa ce.

Amma tunda ka ambaci taruka, kuma kuɗi za ka karɓa, zuciyata ta fi kwanciya da kyamara ta hannu mai canjin gilashi: Nikon D3400 ko D3500, ko Canon EOS 700D da 'yan uwanta. Ka same ta da gilashinta na 18-55, ka ƙara 70-300 in Nikon ce, ko 55-250 in Canon ce. A kan Nikon ɗin, 300 yana ba ka abin da ya yi daidai da 450. Tana kama mai gudu fiye da waɗancan, kuma batirinta na jurewa: a gwajin CIPA, D3500 na ɗaukar hoto 1,550 a caji ɗaya, FZ80 kuwa 330. Daga baya, in aiki ya kankama, ka ƙara ƙaramin gilashi mai f/1.8, na milimita 35 ko 50. Ba ya zum, da ƙafarka za ka matsa, amma yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, kuma shi ne zai fitar da kai kunya a ɗakin taro. Abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai duba kuɗi shi ne, dukiyarka ta rabu gida-gida. In jikin ya lalace, gilasanka na nan. In ka fasa sana'ar, gilashi mai lafiya ba ya wuyar sayarwa. Mai zum a haɗe kuwa, ranar da injin gilashinta ya tsaya, duka ta tsaya.

Kayan hannu sai da ido. Ka tafi da memorinka. Ka cire gilashin, ka haska fitilar waya ta cikinsa, ka duba ko akwai farin abu kamar saƙar gizo. Fumfuna ce, tana yaɗuwa, ka bar shi ko nawa aka rage. Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da ƙofar haske a tsuke, ka buɗa hoton ka nemi ɗigon da ke maimaituwa a wuri ɗaya. Ka zuƙo daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa kana saurare, kada ka ji ƙara ko tsayawa. Ka buɗe gidan batir ka ga ko akwai tsatsa ko koren dabbare. Kyamarori masu canjin gilashi suna ƙirga yawan ƙiftawar da suka yi, kuma ƙananan Nikon ɗin nan an gwada su ne a kan 100,000, don haka wadda ta yi 15,000 da wadda ta yi 90,000 ba kuɗinsu ɗaya ba. Ka nemi rasit da 'yan kwanakin gwaji a rubuce. Wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Saura lissafi, wanda ya kamata ya riga sayen. Kada kyamarar ta cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ka ware. Ragowar na memori biyu ne daga sanannen kamfani (jabun memori sun yi yawa, kuma ranar aiki suke cin amana), batir na biyu, jaka, da mariƙi. Sannan ka tambayi kanka, wa zai biya? 'Yan wasa ɗai-ɗai, ko masu ƙungiya, ko mai shirya taro? Kafin ka sayi komai, ka yi aro ko hayar kyamara na kwana biyu, ka je fili, ka ɗauka, ka sa kuɗi a kan hotunan ka ga mutum nawa za su zaro daga aljihu. Masu cewa hoto ya yi kyau suna da yawa, masu biya su ne kasuwarka. Daga abin da ka samu ka cire kuɗin mota da na data da na ranar da ka bar hajarka, abin da ya rage shi ne ribar aiki ɗaya. Raba jimillar kuɗin kayan da wannan riba, za ka ga aiki nawa za ka yi kafin uwar kuɗi ta dawo. In ya wuce abin da za ka iya samu cikin shekara guda, ka dakata tukuna.

Ina roƙon ka abu biyu. Kada ka taɓa jarin jaka da takalmi, kada kuma ka ci bashi saboda wannan. Na ga masu ƙananan sana'o'i da suka rage haja don sayen kayan aikin sana'ar da ba ta fara kawo komai ba, suka wayi gari tsohuwar ta rame, sabuwar ba ta tashi ba. In abin da ka tara bai kai ba, ka ci gaba da tarawa a wuri dabam, kana gyara hotunan hajarka da taga da farin kwali.

In ka tsaya a kan D3400 ko D3500, ka san ba su da Wi-Fi, Bluetooth kawai gare su, kuma ƙananan hotuna ya fi dacewa da turawa. Ka sa ɗan abin karanta memori da ake jonawa a waya cikin lissafinka, domin ɗan wasan da ka ɗauka yana son hotonsa kafin ya bar filin, kuma a lokacin ne ya fi saurin biya.