Hukuncin Rage Kayan Ɗaki Da Bayar Da Su Bisa Tsarin Zauren Mata Na WhatsApp

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matar aure ce, kuma ina cikin wani zauren mata na WhatsApp inda muke ƙarfafa wa juna gwiwa wajen rage tarkacen da ya cika mana gidaje. Kowane mako shugabar zaure takan faɗi wurin da za a taɓa, yau kicin, wani makon sif ɗin kaya, kowa ta ɗauki hoton wurin kafin gyara da bayan gyara ta turo. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da ya shekara ba a yi amfani da shi ba, a fitar da shi. Na ware kwanukan jere da kuloli da atamfofin lefe da ban ɗinka ba, waɗanda idan aka yi musu kuɗi za su haura rabin abin da na mallaka. Sai wata a zauren ta ce haramun ne matar aure ta bayar da fiye da sulusin dukiyarta ba da izinin miji ba, ni kuwa ban gaya wa maigidana ba. Mene ne gaskiyar wannan magana? Akwai kuma akwatin marigayiya mahaifiyata da yake wurina tun rasuwarta, shi ma na fara rage shi, har na ba da zannuwa biyu sadaka gare ta. Mahaifinmu ya riga ta rasuwa, yayyena maza ba ruwansu da kayan mata, ƙannena biyu da nake riƙo kuwa yara ne, ban ga amfanin ajiye musu ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifanki, ya sa aljanna ce makomarsu.

Rage kayan da suka wuce buƙata abu ne mai kyau, kuma babu saɓani a kansa. Hadisin Jabir da ke cikin Muslim, wanda ya ambaci shimfiɗar miji da ta mata da ta baƙo sannan ya ce ta huɗu ta shaiɗan ce, ya wadatar. Taimakon juna a kan haka ta waya shi ma halal ne. Sai dai, 'yar uwa, kin ba da ƙarfin tambayarki ga maganar sulusi, alhali abin da ya fi nauyi shi ne wanda kika ambata a ƙarshe kamar bai da muhimmanci, wato akwatin mahaifiyarki.

Wannan akwati ba naki ba ne, kuma ba na mahaifiyarki ba ne tun daga lokacin da ta cika. Ya koma dukiyar magada gaba ɗaya, bayan an fitar da bashinta da wasiyyarta idan ta bar su, kuma zamansa a ɗakinki amana ce kawai. Kowane zane da kowace tasa da ke cikinsa yayyenki da ƙannenki suna da rabo a ciki, namiji da rabon mata biyu, kuma idan mahaifiyarta ko mahaifinta na raye, kowannensu yana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida. Cewa yayyenki maza ba ruwansu da kayan mata zato ne kike yi, kuma ba a fitar da dukiyar Musulmi daga hannunsa da zato. Dole su furta da bakinsu cewa sun yafe, ba don kunya ko matsin lamba ba. Ƙannen nan biyu kuwa marayu ne, rabonsu ba ya halatta a bayar da shi kyauta ko sadaka, ko da sun ce sun yarda, ko da waliyyinsu ya yarda, domin waliyyi an ɗora shi ne ya tsare dukiyar maraya, ba ya yi kyauta da ita ba. Kin san gargaɗin aya ta 10 a suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu, ba sai na maimaita miki ba. Kyakkyawar niyyar kai lada ga mamaciya ba ta canza wannan hukunci, kuma al'adar da ta yaɗu ta raba tufafin mamaci ga masu wanka da maƙwabta kafin a raba gado tana ƙarƙashin wannan hukuncin.

Saboda haka ki rufe akwatin nan, ki cire shi daga lissafin zaurenku, ki kira 'yan uwanki a sami malamin da ya iya rabon gado a raba. Zannuwa biyun da kika bayar, idan karɓo su zai yiwu ba tare da wulaƙanta wadda aka ba ba, to, a karɓo. Idan ba zai yiwu ba, a yi musu kuɗi gwargwadon darajarsu a cire daga rabonki, sadakar ta tabbata daga dukiyarki, ladan ya isa ga mahaifiyarki in sha Allah. Idan rabon yaran atamfa ce da ake tsoron lalacewarta kafin su girma, waliyyinsu zai iya sayarwa a kan farashin kasuwa ya adana musu kuɗin ko ya yi musu hidima da shi, a rubuta, a sa shaidu. Jinkirta rabon gado shi ne ya jawo wannan matsala tun farko, kada a ƙara jinkirta shi.

Yanzu sai maganar sulusi. Matar da ta faɗa miki ba ƙirƙira ta yi ba, wannan shi ne mashahurin ra'ayi a mazhabar Imam Malik, Allah ya yi masa rahama, kuma Shehu Khalil ya kawo shi a babin hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa, na littafinsa Mukhtasar: miji yana da ikon hana matarsa kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta. Amma ko a cikin mazhabar ba ta kawo maganar daidai ba. Malaman mazhaba sun ce kyautar tana nan a zartacciya har sai mijin ya mayar da ita, kuma hanin ya shafi abin da aka bayar ba tare da musaya ba ne kawai. Idan kin ba dillaliya kwanukanki ta sayar miki, babu wanda ya ce sai da izininsa ta fuskar dukiya.

Duk da girman wannan ra'ayi a wurinmu, abin da na fi natsuwa da shi shi ne maganar mafi yawan malamai, Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad a mashahuriyar ruwaya daga gare shi, cewa mace baliga mai hankali da ta san darajar dukiya tana da cikakken iko a kan abin da ta mallaka, ko da aure ko babu. Babbar hujjar masu iyakancewa ita ce hadisin Amru ɗan Shu'aibu daga babansa daga kakansa, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa kyautar mace ba ta halatta sai da izinin mijinta. To, a duba lafazin da kyau: babu ambaton sulusi a cikinsa ko kaɗan. Idan za a yi aiki da zahirinsa, ko allura mace ba za ta bayar ba sai an ba ta izini, kuma masu wannan ra'ayi ba su faɗi haka ba. Ke nan su ma sun bar zahirin hadisin, sai suka ɗauko sulusi daga wani wuri, wato ƙiyasi a kan marar lafiyar da ke cikin ciwon ajali, wanda hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya iyakance masa wasiyya. Wannan ƙiyasi yana da rauni, domin marar lafiyar an taƙaita shi ne saboda dukiyar tana gab da komawa hannun magada, ita kuwa mace mai lafiya ba a san wanda zai riga wani ba tsakaninta da mijin. Haka nan idan dalilin shi ne miji yana da haƙƙi a dukiyar matarsa domin zai gaje ta, ai ita ma za ta gaje shi, har ma tana da ciyarwa da tufatarwa da suka wajaba a dukiyarsa tun yana raye, amma babu malamin da ya ce mace za ta hana mijinta kyautar da ta wuce sulusi. Wanda haƙƙinsa ya fi ƙarfi bai sami wannan iko ba, ta yaya wanda haƙƙinsa ya fi rauni zai samu?

Sannan ga abin da ya faru a gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Ranar idi ya je wurin mata tare da Bilal ya umarce su da sadaka, suka riƙa jefa 'yan kunne da zobba a cikin tufafin Bilal, bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko mijinta ya yarda ba, bai kuma tambayi ko abin da ta jefa ya kai sulusi ba. Ana amsa wannan da cewa abin da suka bayar kaɗan ne, amma wannan da'awa ce da ba ta da shaida, domin a cikin matan Madina na wancan lokaci mai yiwuwa akwai wadda zoben hannunta shi ne mafi yawan abin da ta mallaka, kuma da hukuncin ya bambanta da ya bayyana musu a wurin. Uwar muminai Maimuna ta 'yanta baiwarta ba tare da ta nemi izininsa ba, sai da ranar kwananta ta zo ta ba shi labari, bai mayar da 'yancin ba, bai zarge ta ba, iyaka ya nuna mata cewa da ta ba kawunanta da ladan ya fi girma. Hadisan nan biyu suna cikin Bukhari da Muslim. Aya ta 6 a suratun Nisa'i kuma ta rataya miƙa dukiya ga mai ita a kan balaga da shiriya, ba ta ware mace ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne Imam Shafi'i ya ƙi dogara da hadisin Amru, waɗanda suka karɓe shi kuwa, kamar yadda malamin hadisi Khaɗɗabi ya hakaito, suka fassara shi da kyautata zama da faranta ran miji.

To, kada ki ɗauki wannan bayani ki mayar da shi makamin gardama a gidanki. Ki gaya wa maigidanki kafin kaya su fita, saboda dalilai biyu. Na farko, kotunan shari'a a arewacin Nijeriya da fiƙihun Malikiyya suke hukunci, don haka idan rigima ta kai gaban alƙali, zai iya ba mijin damar mayar da kyautar duka. Na biyu, mutumin da ya dawo gida ya tarar da ɗaki wayam, sannan ya ji cewa matan da bai sani ba sun riga shi sanin labarin, zai ji a ransa an raina shi, ko da bai furta ba. Ki kuma bambance abin da yake naki da wanda ba naki ba. Kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki da lefen da aka kawo miki naki ne. Firji ko talabijin ko kujerun da ya saya don amfanin gida nasa ne, sai in ya mallaka miki. Kayan aro a mayar wa masu su.

Ƙa'idar shekara ɗaya da zaurenku ya kafa dabara ce ta gyaran gida, ba hukuncin shari'a ba ce, kuma ina jin tsoron ta kai wasunku ga nadama. Babbar tukunya da manyan kuloli ba a taɓa su sai ranar suna ko biki, atamfar da ba a ɗinka ba kuwa ita ce asusun mata da yawa a ƙasar nan, ranar da ciwo ko kuɗin makaranta ya taso ita ake fitarwa. Ke da kike riƙon marayu biyu, ki yi lissafi kafin ki bayar da fiye da rabin abin hannunki don kawai makon ku ya zo kuma kowa ta turo nata hoton. Mafificiyar sadaka ita ce wadda aka yi bayan an bar abin da zai wadatar. Abin da kika yanke shawarar bayarwa, ki fara da dangi kamar yadda aka nuna wa Maimuna; da wuya a rasa yarinya a danginku ko na mijinki da aka sa ranar aurenta iyayen suna neman yadda za su haɗa kayan ɗaki. Mai amfani kada a zuba shi a bola, wannan tozarta dukiya ne, wanda ya lalace kuma kada a ɗora wa talaka da sunan sadaka. Idan shugabar zaure ce take tattarawa ta raba, ita wakiliya ce, ya wajaba ta kai inda aka ce, ke ma ki san inda kayanki suka tafi.

Game da hotuna, kicin da ɗakin ajiya da sauƙi, amma ɗakin barcinki da gadonki da tufafinki na ciki sirrin mijinki ne kamar yadda suke sirrinki, kuma hoton da ya shiga zauren mutum ɗari ba ki da iko a kan wayar da zai ƙarasa. Ki kuma kula da zuciyarki, domin tura hoton tulin kayan da aka bayar yana iya fara da ƙarfafa wasu ya ƙare da neman yabo, banda abin da yake tayarwa a zuciyar wadda ba ta da ko kwatankwacin abin da kike zubarwa. Ki rubuta musu cewa kin gama naki, ya isa.

A wajen sharar kuma za ki ci karo da tsofaffin juzu'an Alƙur'ani da littattafan Islamiyyar yara da takardu masu ayoyi. Masu kyau a kai masallaci ko makaranta, waɗanda suka yage a ƙona su a wuri mai tsarki kamar yadda Usman ɗan Affan ya yi da sauran mus'hafai, ko a binne su inda ba a takawa. Kada a haɗa su da takardun da ake sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Idan a akwatin mahaifiyarki kika same su, masu daraja daga cikinsu su ma suna cikin gado, a lissafa su tare da sauran kayan ranar rabo.

Allah ne mafi sani.