Amsa ga Malama kan kwas ɗin HCI: takarda kafin kwamfuta

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an danƙa miki HCI, wato kwas ɗin mu'amalar mutum da kwamfuta, ɗalibai sun haura ɗari, ɗakin kwamfuta ba wuta, yaran kuma sai haddar ƙa'idoji goma na Jakob Nielsen kan sauƙin amfani da manhaja kamar karatun allo. Wallahi ciwon nan namu ne duka.

Abin da ya fi cin rai ba wutar ba ce. Masu raba kwas ne da ke ganin HCI zaɓen launi ne kawai, sai su jefa shi ƙarshen jadawali, ƙarfe biyu na rana, cikin zafin Sakkwato na Afrilu, su ba masu koyar da yaren rubuta manhaja na Java ɗakin da ke da janareta. Ranar kare aiki kuma su ne za su tambayi yaro layi nawa ya rubuta, ba wanda zai ce wa ya gwada manhajar. Allah ya kyauta.

Ki manta da ɗakin kwamfuta makonni shidan farko. Raba ɗaliban biyar-biyar, kowace ƙungiya da kwali, almakashi, maka da takardar A4. Su zana fuskar waya daidai girmanta, shafi ɗaya kowace takarda, kada su wuce takwas. Ɗaya ya zama kwamfuta yana sauya takarda in an taɓa, ɗaya ya ba da aiki, ɗaya ya rubuta. Aiki ɗaya tak, misali tura kuɗi ga mai albasa a Kasuwar Daji.

Kada su gwada da 'yan ajinsu! Nan ake lalacewa, don aboki ya riga ya san inda zai danna. Su nemi mai POS, ɗan kabu-kabu, dattijuwa mai karatun ajami. Mutum biyar sun isa, tun 1993 Nielsen da Landauer suka nuna cewa 'yan kaɗan na farko ke tono yawancin matsaloli. Mai gwajin ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana dannawa. Mutanenmu da kara, za su ce "ya yi kyau" alhali sun ɓata sau uku, saboda haka hannu za a kalla, ba baki ba. Ɗalibi kuma ya kame bakinsa, da ya ce "danna nan" gwaji ya tashi aiki.

In sun koma Figma, manhajar zana fuskar waya a kwamfuta, su duba aikin a ƙaramar Tecno a tsakar rana. Rubutu mai ruwan toka ɓacewa yake yi, don haka bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5:1, girman maɓalli kuma 48dp (ma'aunin girma a fuskar Android). Su rubuta ƙ, ɗ da ɓ su gani, wasu nau'ikan rubutu (font) akwati suke fitarwa a madadinsu.

Na kusa mantawa, batun maki. Ba a kan kyan zane ba. Kowa ya kawo zanen farko, jerin inda mutane suka maƙale, da gyaran da ya yi. In kina son lamba, akwai SUS ta John Brooke, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja da masu gwaji ke cikewa, tambayoyi goma, amsa daga 1 zuwa 5. Masu lambar mara a cire 1 daga amsar, masu cika a cire amsar daga 5, a tara a ninka da 2.5. Matsakaicin maki 68 ne cikin 100. Ki fassara tambayoyin da kanki sau ɗaya, kada kowace ƙungiya ta zo da tata Hausar.