Ɗakin Haihuwa: Wa Zai Shiga, Wa Zai Jira a Waje?

Wasiƙun wannan makon yawanci a kan dokokin shiga ɗakin haihuwa da ɗakin masu jego suke. Ungozomomi da likitar mata da ke amsa tambayoyin wannan fili ne suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai maiɗakina asibitin gwamnati tana naƙuda, aka tsayar da ni a bakin ƙofa tun magariba har asuba, ban san halin da take ciki ba. Doka ce ta hana miji shiga, ko kuwa son ran ma'aikata ne? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya abin da aka samu. Tun a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace da wanda zai zauna da ita daga fara naƙuda har ta sauka. Amma lura da sharaɗin: wanda ita ta zaɓa. Yana iya zama kai, yana iya zama yayarta. Binciken da ya haɗa mata fiye da 15,000 ya nuna cewa mai naƙudar da ke da wani a gefenta ba ta cika daɗewa ba, kuma ba a cika kai ta tiyata ba.

Abin da ke tsayar da kai a asibitocinmu shi ne ginin. Ɗaki ɗaya ne mai gadaje huɗu ko shida ko fiye, labule kawai ya raba su, wani lokacin ma babu labulen, kuma kowace mace a buɗe take. In aka bar ka ka shiga, dole a bar mijin ta kusa da ita, kai kuwa ba za ka yarda da haka ba. Inda ake da ɗakin mutum ɗaya, kamar wasu asibitocin kuɗi, sau da yawa ana barin miji. Ka tambaya tun lokacin awo, kada ka bari sai daren.

Barin ka babu labari kuwa kuskure ne, ba mu kare shi ba. Ka nemi ungozomar da ke shugabantar aikin wannan lokacin, ka tambaye ta a natse: ina aka kai, kuma akwai abin da ake buƙata? Sannan kada ka yi zuciya ka tafi gida. Kai za a nema in ana son magani ko jini, don haka wayarka ta kasance da caji, kuma a hannunka. Ka san rukunin jininta, ka tanadi mutum biyu masu lafiya da za su iya bayarwa. In tiyata ta taso babu kai a kusa, matarka baliga ce, tana iya sa hannu da kanta. Ka faɗa mata haka tun a gida, domin jiran miji ya zo ya sa hannu yana cin lokacin da ba a da shi.

Tambaya: 'Yata ta dawo gida goyon ciki, haihuwar fari ce. An ce mutum ɗaya kawai za a bari. Ni zan shiga ko ƙanwata, kuma me ake so mu yi? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, ki bar yarinyar ta zaɓa, kuma kada ki ji haushi in ta zaɓi ƙanwarki. 'Yan fari da yawa suna jin kunyar uwa ko suruka, sai su cije su ɓoye ciwon da ya kamata mu sani. Wadda za ta shiga ta zama mai lafiya, ba ta mura ko tari, ba ta tsoron jini, tana iya kwana a kan kujera, kuma tana da bakin kiran nas da ƙarfi. Ita ɗin ce za ta zauna har ƙarshe. Canji kowane awa yana sa a rasa wanda ya san abin da likita ya ce.

Ta riƙe katin awo da takardun hoton ciki, da zannuwa masu tsabta, da audugar mata, da kayan jariri har da hula. A lokacin naƙuda aikinta shi ne murza mata ƙugu in ciwo ya taso, ba ta ruwa kaɗan-kaɗan in ba a hana ba, taimaka mata ta zagaya, da tuna mata ta yi fitsari a kai a kai, domin mafitsara a cike tana tare wa kan jariri hanya.

Abubuwan da ba za ta yi ba sun fi muhimmanci. Kada ta ce mata "yi nishi" kafin ungozoma ta ce lokaci ya yi. Sai bakin mahaifa ya buɗe santimita 10 ake yunƙuri. In aka fara da wuri yakan kumbura ko ya yage, ƙarfin yarinyar kuma ya ƙare tun kafin a zo inda ake buƙatarsa. Kada ta danna mata ciki. Kada ta taɓa ƙarin ruwan da aka rataya ko da ta ga yana ɗiga a hankali. In ruwan da aka sa wa maganin ƙara naƙuda ne, ƙirga ɗigonsa ake yi, kuma buɗe shi da yawa yana iya fasa mahaifa ko ya galabaitar da jariri. Jiƙon saurin naƙuda da ake ɓoyowa a cikin jaka shi ma haka yake, ya ma fi haɗari don ba wanda ya san ƙarfinsa. In an riga an ba ta wani abu a gida, a faɗa mana gaskiya, ba faɗa za mu yi ba. Addu'a kuwa babu mai hana ku, ku yi ta yi.

Bayan an sauka ne mai jinya ta fi amfani, a daidai lokacin da kowa ya koma kan jariri da buga waya. Awa biyu na farko su ne lokacin da jini ya fi ɓallewa. Ta riƙa duba ƙunzugu: in yana jiƙewa sharkaf cikin ɗan lokaci, ko guda-gudan jini na fita, ko maijego ta ce jiri take ji, ko jikinta ya yi sanyi da gumi, a kira nas nan take. Mahaifa ya kamata a ji ta da tauri a wajen cibiya. In ta yi laushi, a faɗa. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da ciwo a ƙahon zuci alamun jijjiga ne, kuma tana iya zuwa ko bayan haihuwa.

In kuna son tafiya da mabiyiya don binnewa, ku faɗa tun farko, ku zo da ɗan bokiti mai murfi. Sai ungozoma ta duba ta tabbatar ta fita duka kafin a ba ku.

Tambaya: Mun je barka mu takwas da yara, maigadi ya ce sai yamma, kuma bibbiyu, yara ba sa shiga. Ba wulaƙanci ba ne wannan? Daga wata mai karatu a Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, ba wulaƙanci ba ne. A yawancin asibitocin gwamnati da yamma ake ziyara, galibi tsakanin ƙarfe 4 da 6, amma ki duba allon da ke bakin ƙofa don kowane asibiti da tsarinsa. Da safe likitoci na zagaye, ana wanke ɗinki, ana duba mata a buɗe. Ki kuma lissafa: gado ashirin, kowane da baƙi takwas, mutum 160 ke nan a ɗaki ɗaya, ga wadda aka yi wa tiyata jiya, ga wadda jaririnta bai zo da rai ba tana jin guɗarku.

Yara su ne suka fi ɗauko ƙyanda, ƙarambau da mura, sau da yawa tun kafin ƙuraje su fito a jikinsu. Jaririn da bai kai kwana 28 ba, zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni ya isa a kwantar da shi a yi ta allurai. In kin shiga, ki wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu kafin ki ɗauke shi. Kada ki sumbace shi, musamman in kina da ƙurjin nan na gefen leɓe da ke fitowa bayan zazzaɓi, ƙwayarsa tana iya kashe jariri. Kada ki zauna a kan gado, kada ki taɓa cibiya, kada ki ɗauki hoton da matar wani za ta fito a ciki. Minti goma sha biyar ya isa. Wadda ta haihu da kanta lafiya ana son ta yi aƙalla awa 24 kafin sallama, mai tiyata kwana uku zuwa huɗu. Ayarin barka ya jira ta a gida.

Tambaya: Ni ne kakan yaro. Yaya zan yi masa huɗuba in an hana maza shiga? Kuma za mu iya ba shi zamzam da zuma? Daga wani dattijo a Maraɗi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ka aika mai jinya ta faɗa wa ungozoma, ba a cika ƙin wannan ba. Sai dai a bari ya yi awa ɗaya na farko a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ya kama nono. Daga nan a naɗe shi da kyau, da hula, a kawo maka bakin ƙofa ka yi kiran salla, a mayar da shi kafin ya ɗauki sanyi. Ka wanke hannu tukuna.

Ruwa kowane iri ne a dakata, dakashin uwarsa ya ishe shi, kuma kada a matse shi a zubar. Zuma kam babu ita sam sai ya shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Kunun kanwa ma kada a kawo wa maijego, musamman in jininta ya hau ko ƙafarta ta kumbura, gishirin da ke cikin kanwa yana ƙara wa zuciya nauyi. Mai tiyata kuma kada a ba ta komai ta baki sai nas ta ce an yarda.

In bakwaini ne aka sa a kwalba, uwa ce ke shiga ta ba da nono ko ta tatsa, uba a lokacin da aka tsara masa, sauran dangi sai ta gilashi. Huɗubar ma a nan sai ka nemi izinin nas ɗin sashen, ita za ta faɗa maka ko za ka shiga da rigar asibiti ko uban yaron ne zai yi.