Tambayoyinku: sauraron labaran kimiyya a waya, da yadda za ka naɗi naka

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan fodkas, wato shirye-shiryen sauti da ake saukewa ta intanet, musamman masu ɗauko tambaya guda ta kimiyya su bi ta cikin rayuwar mutane.

Tambaya: Ni tela ne a unguwar Asawase da ke Kumasi, ina son in riƙa sauraro ina ɗinki. Amma duk sanda na kunna a YouTube, kafin la'asar data ta ƙare. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, hoton da ba ka kallo ne yake cinye maka kuɗi. Sauti zalla ba shi da nauyi. Shirin da aka matse a 64 kbps (ma'aunin yawan datar da sauti ke ci a daƙiƙa) yana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya, na 128 kbps kuma kusan 58. Bidiyo mai tsawon haka yakan ci ɗaruruwa. Sauke manhajar fodkas ta gaskiya: AntennaPod kyauta ce a Android kuma ba ta da talla nata, akwai Pocket Casts, akwai Spotify da ta shigo Gana a 2021. Kada ka wahala neman Google Podcasts, an rufe ta a 2024. A cikin saitin manhajar ka hana ta sauke komai da kanta ta datar waya, sai ka zaɓi shiri uku ko huɗu ka sauke lokacin garaɓasar tsakar dare ko inda ka samu Wi-Fi, washegari ka kashe data ka saurara.

Idan kana jin Turanci, gwada Radiolab na gidan rediyon WNYC a New York, wanda Jad Abumrad ya fara a 2002, da CrowdScience na BBC da ke amsa tambayoyin masu sauraro. In maganar ta yi maka sauri, rage gudunta zuwa 0.8.

Tambaya: Ina saurare sai shirin ya tsaya da zarar fuskar wayar ta mutu. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Tsarin tattalin batir ne yake kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, kuma wayoyin Android masu sauƙin kuɗi sun fi tsanantawa. Danna alamar manhajar ka riƙe, shiga bayaninta, je wajen batir, ka ba ta izinin aiki ba ƙaidi. Shi ke nan.

Tambaya: Malamar kimiyya ce ni a wata ƙaramar sakandare a unguwar Aboabo, Kumasi. Ni da ɗalibaina muna son mu yi shiri da Hausa kan cutar sikila, mu ji daga bakin iyaye da ma'aikatan jinya. Waya kawai muke da ita. Mun gwada, sai ƙarar pragya (keke mai ƙafa uku na haya) da fanka suka rufe muryar. Sai mun sayi kayan situdiyo?

Amsa: Malama, sannu da wannan ƙoƙari, kuma kin zaɓi batun da ya dace da garin nan, domin a Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a Gana, a 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Ba sai kin sayi kayan situdiyo ba. Abu biyu ne suke gyara sauti ko su ɓata shi: kusanci da ɗaki.

Makirfon waya yana ƙasa, kusa da ramin caji. Ki juya wannan gefen wajen mai magana, tazarar kamar taki ɗaya na hannu, santimita 15 zuwa 20, a ɗan karkace daga bakinsa don kada iskar "f" da "b" ta riƙa bugunsa. Duk sanda kika ninka tazarar, ƙarfin muryar yakan ragu da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti), alhali ƙarar titi tana nan yadda take. Shi ya sa wayar da aka ajiye a tsakiyar tebur take kwaso komai banda wanda ake so.

Ajin makaranta shi ne mafi munin wuri: siminti, allo, rufin kwano, duk suna mayar da murya. Ki nemi ɗakin kwana mai katifa, labule da kaya a rataye. A kashe fanka da firij na ɗan lokaci, a rufe taga mai fuskantar titi, a kauce wa lokacin kiran salla da tashin makaranta. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin. Kada ki naɗa tana jikin caji, musamman da caja mai arha, saboda wani gurnani na lantarki yakan shiga, kuma fitar da shi daga baya wahala ce. Abin kunne na Bluetooth ma ki ajiye shi, makirfonsa yana siranta murya ta koma kamar ta kiran waya.

In akwai ɗan kuɗi, makirfon maƙalawa a riga ya wadatar, ana samu wajen masu kayan waya a Adum, cikin Kumasi. Ki duba bakinsa kafin ki biya: mai baƙin zobe uku shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne, waya ba za ta gane shi ba sai da mahaɗi. Ki gwada a shagon, ki saurara da kunnenki.

A manhajar naɗi ki zaɓi WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), 44.1 kHz, layi ɗaya, wato mono. Minti ɗaya kusan megabait 5 ne, hirar rabin awa kenan ta kai 150 da ɗoriya, sai a share wuri tun kafin a fita. Da an zauna, kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 ki naɗi shirun ɗakin. Da shi za ki yi aiki a Audacity, manhajar kwamfuta ta kyauta: ki zaɓi wannan shirun, ki shiga Noise Reduction ki danna Get Noise Profile, sannan ki zaɓi dukkan hirar ki sake shiga ki rage. Kada ki wuce desibel 12, in kin matsa muryar za ta koma kamar daga cikin ruwa. Wannan gyara yana maganin ƙara mai ɗorewa irin ta fanka, ba ya cire hon ɗin mota. In an yi hon, a dakata, a roƙi mai magana ya maimaita jimlar.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin shirin. Kada ɗalibi ya buɗe da karanta ma'anar sikila daga littafi, mai sauraro zai kashe. A fara da tambayar da ake yi a gidajenmu: ga uwa da uba lafiyarsu ƙalau, me ya sa ɗansu yake kwana yana kukan ciwon ƙashi? A bar uwar ta faɗi yadda daren yake. Sannan ma'aikaciyar jinya ta shigo da bayanin cewa idan iyaye biyu duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar halittar sikila ba tare da ciwon ba, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai cutar, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin kowane huɗu ba. Mutane da yawa a nan suke kuskure. Ki koya wa yaran su yi tambaya su yi gum, kada su riƙa cewa "eh, haka ne" a kan maganar baƙo, kai kawai za su gyaɗa. Minti 12 zuwa 15 ya isa shirin farko.

Batun lafiya sirri ne, kuma dokar kare bayanan mutane ta Gana, Act 843 ta 2012, ta sa shi cikin bayanan da ake kula da su na musamman. Ki naɗi amincewar kowa da muryarsa a farkon hira, ki gaya masa inda shirin zai je, wanda ya ce a ɓoye sunansa a ɓoye. Yaro kuma sai da yardar iyayensa.

Tambaya: Na tura wa abokina hira ta WhatsApp don ya gyara, ya ce sautin ya dushe.

Amsa: Da alama da maɓallin saƙon murya ka naɗa, shi kuwa yana matse sauti sosai don ya yi sauƙin tafiya. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa. Nan gaba ka naɗa da manhajar naɗi ta wayar, ka tura fayil ɗin ta wajen Document, zai isa yadda yake, har gigabait 2. Bayan an gama gyara ne za a fitar da shi MP3, layi ɗaya, 64 ko 96 kbps, shirin minti 15 ba zai wuce megabait 7 zuwa 11 ba, wanda kowa a zango zai iya saukewa.