Hukuncin mallakar babbar bindigar iska mai na'urar rage ƙara da yin farauta da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son sayen babbar bindigar iska mai na'urar rage ƙara domin farauta. An ce mini tunda ba ta aiki da albarushi ba ta buƙatar lasisi. Ya halatta in mallake ta? Kuma naman abin da na harba halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kada sunan iska ya ruɗe ka. Wannan ba irin ƙaramar da ake harbin gwangwani da ita ba ce. Ana ɗura mata iska a tanki har matsinta ya kai 200 zuwa 300 a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", bakinta kuma yakan kai faɗin milimita 9 zuwa kusan 13. Dalmar da take fitarwa tana huda barewa ta kayar da ita nan take. Abin da ya kashe barewa zai kashe mutum, shari'a kuwa aikin abu take dubawa, ba sunansa ba. Saboda haka makami ce, kuma hanin Annabi (SAW) ga nuna ɗan'uwa da makami, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ya hau kanta.

Asalin mallakarta halal ne. Maganar lasisi kuwa, wanda ya faɗa maka rabin gaskiya ya faɗa. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ɗauki bindiga a matsayin abin da ke harbi da ƙarfin fashewa, don haka ta iska ba ta shiga ciki ba, amma jihar New Jersey tana lissafa ta cikin bindigogi. A Ingila duk wadda ƙarfinta ya wuce kimanin jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) sai da takardar izinin 'yan sanda, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Wadda kake magana ɗaruruwan jul take fitarwa. Na'urar rage ƙarar ma da tata dokar: a Amurka tun 1934 ake yi wa ta bindigar albarushi rajista, kuma idan taka za ta ciru a ɗaura ta a kan waccan, kana iya faɗawa hannun hukuma.

To, dokar inda kake zaune ita ce ta hau kanka. Allah Ya yi umarni da ɗa'a ga majiɓinta al'amari a Suratun Nisa'i aya ta 59, kuma tsara mallakar makami domin kare rayuka ba saɓon Allah ba ne. Wanda ke zaune a ƙasar da ba ta Musulmi ba, alƙawarin zama ne ya ɗaure shi. Rage ƙara don kare kunne ko kada a firgita maƙwabta babu laifi. Idan kuwa don a ɓoye wa hukuma ne, ko a yi harbi a gandun da aka hana, haramun ne.

Naman fa? Da Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Annabi (SAW) game da farauta da mi'iradi, wato sanda mai tsini da ake jifan dabba da ita, sai ya ce masa idan ya huda ya ci, idan kuma da gefensa ya buge kada ya ci, domin bugaggiya ce, irin wadda Suratul Ma'ida aya ta 3 ta haramta. A kan wannan ne malaman Malikiyya da suka zo daga baya suka halatta abin da harsashin dalma ya kashe, saboda yana huda fata ya zubar da jini. Abin da na rinjayar shi ne babu bambanci tsakanin albarushi da iska, tunda turawa kawai suke yi, dalmar ce mai hudawa.

Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunamar. Idan ka iske dabbar da sauran rai, sai ka yanka ta. In ka yi sakaci ta mutu alhali wuƙa na hannunka, ta zama mushe. Abin da na fi jiye maka shi ne harbi daga nesa bayan iskar tanki ta yi ƙasa, dalma ta shiga cinya, dabba ta tsere tana ɗingishi ta kwana tana zubar da jini. Duba ma'aunin iskarka, ka matso kusa, in ba ka da tabbacin makasa ka bar ta ta wuce.

Wallahu a'alam.