Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan tsarin raya Kebbi: a fara da lissafin buhu

Assalamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka, inda kake cewa kai ɗalibin tattalin arziki ne, kana son sanin in an ce yau a zauna a rubuta ma jihar Kebbi tsarin ci gaba na shekara goma daga ina ya kamata a fara, kuma wai shin binciken da kuke yi a jami'a yana da amfani ko takarda ce kawai. Na ga wasu sun ce masana'antu, wasu sun ce a kawo masu zuba jari daga waje, wasu sun ce tsaro, kuma duk gaskiya sunka faɗa. Ni dai ba farfesa ba ne, malamin gona na yi har na aje aiki, na kuma yi aikin tattara bayanai gida gida a ƙauyukan Argungu da Augie da Suru, har yau kuma ina noman rani a fadama, to da wannan idon zan ba ka tawa.

Ni a wurina abu na farko shi ne a san nawa buhun shanshera guda, wato shinkafar da ba a casa ba, ke ci ma manomi kafin ya fito da shi daga gona, kuma a riƙa sabunta lissafin duk shekara, rani da damina. Za ka ga kamar ƙaramin abu ne amma wallahi shi ne babu. Takardun tsari kam ba mu rasa su ba, ƙasar nan tun 1962 take rubuta tsarin raya ƙasa, an yi Vision 2010, an yi NEEDS lokacin Obasanjo har jihohi sunka yi nasu SEEDS, an yi Vision 20:2020, an yi ERGP a 2017, ga kuma na 2021 zuwa 2025. Masu ilimi ne sunka rubuta su, ba na raina su. Matsalar ita ce alƙaluman da ake ɗora su a kai. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 anka yi ta, lokacin an ce Kebbi mutum miliyan 3 da ɗoriya ne, yaron da anka haifa shekarar yanzu ya isa aure, amma har gobe da kiyasi ake aiki. Ƙidayar manoma ta ƙasa kuwa tun wajen 1993 ba a sake ba sai 2022. To tela ne ya yanka yadi bai auna mai riga ba, komai ƙwarewarsa sai an ga gyara.

Bari in gaya maka yadda lambobin ke lalacewa tun daga tushe, don wannan da idona na gani. Ka isa ƙauye da takardar tambayoyi, mai gari ya sa a shimfiɗa maka tabarma a ƙofar gida, mutane su taru. Abin da kowa ke son sani kafin ya buɗe baki shi ne, wanga aiki na rabon taki ne ko na haraji ne. In sun ɗauka taki ne, mai rabin eka zai ce maka hekta biyar gare shi, har ya rubuta sunan ɗansa da ke goye. In sun ɗauka haraji ne, mai gonaki uku zai ce shi ɗan ƙwadago ne. Kuma ba duka ƙarya ba ce, manominmu ba da hekta yake lissafi ba, shi abin da ya sani gonar tana cin tiya kaza ta iri, tana ba da buhu kaza in shekara ta yi kyau. Sai ka cire takalmi ka naɗe wando ka bi shi cikin laka kuna zagaya kan iyaka da na'urar awo a hannu, sannan za ka san gaskiyar faɗin gonar, shi kansa sau da yawa sai ya yi mamaki. Mai tattara bayanin da anka ba kuɗin kwana biyu aka ce ya yi aikin sati, ƙarƙashin bishiya zai zauna ya cike fom ɗin da kansa, wannan lambar ita za ta je Birnin Kebbi, ta wuce Abuja, ta dawo mana a cikin littafi mai kyalli a ce ita ce hujja.

Yanzu dubi labarin shinkafarmu. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda ake kira Anchor Borrowers. A 2016 Kebbi da Legas sunka haɗa hannu, zamanin gwamnoni Bagudu da Ambode, anka fito da shinkafar da ake kira Lake Rice a ƙarshen shekarar. A 2017 anka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu mai ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. A Agusta 2019 anka rufe boda har zuwa Disamba 2020. Ba zan ɓoye ba, mutane sun samu a lokacin, na san waɗanda sunka yi rufin kwano, sunka sayi babur, wasu sunka sauke farali duk daga noman rani, samari da ke tafiya cin rani kudu sun tsaya gida. Wanda ya ce ba a yi komai ba bai yi adalci ba.

Amma mi anka gina a ƙarƙashin wannan? Duk noman ranin namu a kan fetur mai arha yake tsaye. Kowane manomi da 'yar rijiyarsa da ya huda a fadama da ɗan injinsa, shinkafa kuma ruwa take sha ba wasa ba, wata uku zuwa huɗu kana ba ta. Ranar 29 ga Mayu 2023 anka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Ranin da ya biyo baya ka shiga fadama ka gani, mutum ya zo da galan ɗaya yana kallon injin yana kallon gona yana tunanin wane fegi zai ba ruwa wane zai bari ya bushe. Makanikai a kasuwa sunka fara sauya ma injina kafireto su koma shan gas, sai ka ga tukunyar gas ta girki a bakin rijiya an ɗaure ta da roba an rufe da buhu don rana. Masu hali sunka koma sola. Manoma da makanikai ne sunka nemo mafitar da kansu, alhali shekara da shekaru ana maganar za a cire tallafin, da akwai wanda ke riƙe da lissafin kaso nawa na kuɗin buhu ke tafiya a mai, da tun kafin ranar an san sola ya kamata a sa a gaba, a ba da ita bashi mai sauƙin biya.

Ba a gama farfaɗowa ba kuma a Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da shinkafa da masara da alkama ba haraji na kwana 150 saboda tsadar abinci. Na fahimci dalilin, talakan birni yunwa yake ji, ni ma ina da 'ya'ya a birni. To amma farashin shanshera ya faɗi, takin kamfa da yuriya da maganin feshi ba su sauko tare da shi ba, wanda ya noma da tsada ya sayar da arha, da yawa sun rage gona, wasu sun ce sun bar shinkafa. Nan ne nake cewa bincike ba ado ba ne. Da jiha na da lissafi tsayayye da za ta ɗora a tebur ta ce ga abin da buhu ke ci mana, in farashi ya sauka ƙasa da kaza manoma kaza za su fita, da ko ba a fasa ba an yi wani tanadi. In ba ka da lamba sai dai ka yi kuka a rediyo.

Na biyu bayan lissafin buhu shi ne ruwa. Arzikin jihar nan a bakin gulbi yake, Rima da Neja da Ka, kuma ruwan da ke iso mana Argungu da Birnin Kebbi ta dam ɗin Goronyo a Sakkwato da na Bakolori a Zamfara yake biyowa, wato makullin ba a hannunmu yake ba. Kowa ya tuna ambaliyar 2020, ƙarshen Agusta zuwa Satumba, shinkafa ta yi ciki ana jiran yanka ruwa ya shafe dubban hektoci, mutane na shiga kwalekwale suna bi ta saman gonakinsu. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan gulabe na fitar da na ambaliya, amma manomi nawa ne a Augie ko Bagudo labarin ke kai ma da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci a lokacin da zai yi masa amfani? Kuma akwai irin shinkafar da ke jure nutsewa, FARO 66 da FARO 67, tun 2017 anka fitar da su, suna iya yin kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa su tashi. Bincike ne ya haifar da su, ga amsar tambayarka ta biyu ke nan. Amma ka zagaya fadama ka tambaya, mafi yawa FARO 44 sunka sani, shi ma an yi ta maimaita shi daga gona zuwa gona har ya gauraye. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi ta yi nata, abin da ya mutu shi ne igiyar da ke tsakanin mai bincike da manomi, wato malamin gona. Mu da munka yi aikin mun tsufa mun tafi, waɗanda anka ɗauka a madadinmu ba su kai ba, wanda ke nan kuma ba babur ba mai, wannan abu yana ci mani rai ƙwarai.

Kada kuma tsarin ya zama na shinkafa kaɗai, don mun ga abin da dogaro da abu guda ke jawowa. Albasar Aliero da Jega da Gwandu har kudu da maƙwabtan ƙasashe take zuwa, amma lokacin kaka kowa ya zubar da ita da arha don in ya aje a rudu zafi da danshi su ruɓar da kaso mai yawa, bayan 'yan watanni kuma ta yi tsadar da mai nomanta ba ya iya saye. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana cikin Aliero ɗin, tun 2006. Ga jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, ga kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar noma a Zuru. In da ni ake tambaya, kowace a ɗaura mata matsala guda a ba ta kuɗi da wa'adi, wannan ajiyar albasa, wannan injin sola da gyaransa, wannan kifin Yauri da ke raguwa, wannan tsuntsu jan-baki mai cinye shinkafa, kuma a ce sakamakon a gona za a gwada shi gaban manoma.

Akwai wasu biyu da ba su cika shiga lissafi ba. Mata masu turara shinkafa a gida, su saya tiya tiya su turara su shanya su kai inji su sayar, da wannan ake ciyar da gidaje da yawa ana aurar da 'ya'ya, amma in an zo rabon bashi sunan maigida ake rubutawa. Sai cinikin boda, Kamba da Lolo da Tsamiya da Dole Kaina. Mu jiha ce mai iyaka da Nijar da Benin, da anka rufe bodar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024 kowa ya ji a jikinsa, daga mai sayar da dabba har ɗan acaba. Tsarin da ya ɗauki Kebbi kamar ta ƙare a Kamba bai san Kebbi ba. Maganar tsaro kuwa waɗanda sunka ambace ta sun yi daidai, ƙasar Zuru da Danko Wasagu da Sakaba can ne rumbun dawa da masara, manomin da ba ya iya zuwa gona ba ruwansa da wani tsari.

Wani abin da zan ja hankalinka a kai, kuɗin shigar jiha na cikin gida kaɗan ne, kason Abuja ake jira duk wata, don haka tsari mai buri ɗari ba zai je ko'ina ba. A zaɓi uku ko huɗu, a sa su a kasafin kuɗi da layinsu, majalisa ta mayar da shi doka yadda gwamna mai zuwa ba zai ture ba. Lake Rice ta yi suna, yau an daina jin ɗuriyarta. Kuma lokaci shi ne komai a noma, na taɓa shiga wani shiri, ba sai na kama suna ba, takin da anka yi mana alkawari bai iso ba sai da shinkafa ta fara fidda kai, wasu sunka karɓa sunka sayar a bakin hanya, a takarda kuma an rubuta manoma sun amfana.

Kai kuma ƙanena, tunda ka kusa rubuta aikinka na kammala digiri, don Allah kada ka ɗauko taken nan na tasirin kaza a kan tattalin arzikin Najeriya ka kwaso lambobi a intanet. Zaɓi ƙauye ɗaya da kake da dangi, ka nemi manoma ko ashirin ne, ka saya ma kowa ɗan littafi, wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ɗansa ya rubuta masa. Daga ranar da anka zuba iri har ranar da buhu ya hau mota a rubuta komai, kuɗin huɗa, dashe, mai ko gas, taki, feshi, masu korar tsuntsu, yanka, bugu, buhu da zare, dako, la'adar dillali, har abincin 'yan ƙwadago. Ka auna gonakin da ƙafarka. Ka fara gaida mai gari ka gaya masa a fili ba rabo kake yi ba, ba kuma haraji ba. In ka gama kada ka tsaya ga malaminka kawai, ka koma ƙauyen ka karanta masu abin da ya fito da Hausa, ka kai kwafi ga shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa da hukumar raya noma ta jiha. In za ka yi a ɓangaren Argungu ko Augie ka yi mani magana kafin a fara zuba irin rani, zan haɗa ka da mutanen da za su gaya maka gaskiya. Allah ya ba da sa'ar karatu.